Ruwa garau, guba a ciki: abin da binciken Dipankar Chakraborti ya canza a rijiyoyin Bengal, da abin da bai canza ba

A ƙauyuka da dama na Bangladesh za ka tarar an shafa wa bakin famfon tuƙa-tuƙa fenti, ko ja ko kore. Kore na nufin a sha. Ja na nufin a yi wanka da wanki, amma ban da sha, ban da girki. Abin da ke ɗaure wa baƙo kai shi ne famfunan biyu kan kasance a unguwa ɗaya, wani lokaci gida da gida, kuma ruwansu iri ɗaya ne a ido da a baki: garau, ba wari, ba ɗaci. Bambancinsu sinadarin asenik ne, wanda ido ba ya gani, harshe ba ya ji.

Masana da yawa ne suka yi aikin da ya kai ga wannan fenti, amma sunan da aka fi dangantawa da tona lamarin shi ne na Dipankar Chakraborti, masanin sinadarai na Jami'ar Jadavpur da ke Kolkata a Indiya, wanda ya rasu a 2018. Tarihin aikinsa kan rikita mai karatu. Ana yaba masa cewa shi ya matsa har gwamnatoci da hukumomin duniya suka amince akwai bala'i. Amma bayanin da ya fara bayarwa kan yadda gubar ke shiga ruwa, yawancin masana sun ajiye shi gefe. Mafitar da ya fi so ma an yi ta jayayya a kanta. Har yau kuma miliyoyin mutane na shan ruwan. To da wane ma'auni za a auna tasirin mai bincike irin wannan?

Asenik, da ma'aunin da ake auna shi

Asenik sinadari ne da ke cikin duwatsu da ƙasa tun fil azal, kamar ƙarfe da dalma. Ba sai wata masana'anta ta zubar da shi ba. Idan aka sha da yawa a lokaci guda yana kisa cikin gaggawa, shi ya sa aka daɗe da saninsa a matsayin guba. Matsalar rijiyoyi daban ce: ɗan kaɗan ne kullum, shekara da shekaru. Alamar farko takan fito a fata, ɗigo-ɗigon baƙi da fari a ƙirji da baya, sai kanta mai tauri a tafin hannu da tafin ƙafa. Kafin su bayyana akan yi shekara 5 zuwa 10, ko fiye. Mutane da yawa kuma ba sa nuna komai a fata, amma gubar na aiki a ciki: sankarar huhu, ta mafitsara da ta fata, da ciwon zuciya. Tafasa ruwa ba ta magani. Ruwan ne ke tafiya a tururi, asenik ya zauna a tukunya.

Ana auna shi da maikirogiram a kowace lita, wato kashi ɗaya cikin miliyan na giram. A 1993 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage iyakar da take ba da shawara daga 50 zuwa 10. Don a gane ƙanƙantar abin: 10 ɗin nan daidai yake da giram ɗaya na asenik a cikin jarka 4,000 masu cin lita 25. Bangladesh ta ci gaba da amfani da 50 a matsayin iyakarta ta ƙasa, kuma da wannan ma'auni aka shafa fentin. Ke nan rijiyar da ke da 40 takan sami kore, alhali ta ninka iyakar hukumar lafiya sau huɗu. Duk wanda ya ga alƙaluma na cin karo da juna a rahotanni kan wannan batu, ya fara duba wace iyaka aka yi amfani da ita.

Fannoni biyu ne suka haɗu a nan. Kimiyyar sinadaran muhalli tana tambayar mene ne a cikin ruwa, da abinci, da jikin mutum, kuma nawa ne. Ilimin sinadaran ruwan ƙarƙashin ƙasa kuwa yana tambayar me ke faruwa tsakanin ruwa da yashi da laka a can ƙasa, har wani sinadari ya narke ko ya maƙale. Chakraborti gwanin na farko ne. Takaddamar da ta biyo baya ta fi yawa a na biyu.

An gudu ba a tsira ba

Kafin shekarun 1970, mutanen karkarar Bengal, wato yankin da ya haɗa Bangladesh da jihar Bengal ta Yamma ta Indiya, daga kududdufi da koguna suke sha. Kwalara da gudawa na kashe yara ba adadi. Bayan Bangladesh ta sami 'yanci a 1971, gwamnati da UNICEF suka duƙufa wajen haƙa rijiyoyin burtsatse masu famfon hannu. Ƙasar yankin laka ce da yashi mai laushi, ruwa kuma yana kusa, don haka masu haƙa na gargajiya kan nutsa bututu da ƙarfin hannu cikin ɗan lokaci, da kuɗi kaɗan. Da jama'a suka ga amfanin abin sai kowane magidanci mai ɗan hali ya haƙa tasa. Yawancin rijiyoyin, waɗanda suka kai wajen miliyan 10, na gidaje ne, ba na gwamnati ba. Zuwa shekarun 1990 ana cewa kashi 97 cikin 100 na mutanen karkara sun sami tsaftataccen ruwa. Gwajin da ake yi a lokacin na ƙwayoyin cuta ne da su ƙarfe da gishiri. Asenik ba ya cikin jerin.

A 1983 wani likitan fata a Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Kolkata, K. C. Saha, ya danganta ciwon fatar wasu majinyata daga ƙauyukan Bengal ta Yamma da asenik na ruwan rijiya. Wato shekara biyar kafin Chakraborti ya shiga aikin an riga an san cutar. Abin da ba a sani ba shi ne faɗinta.

Ƙidaya, rijiya bayan rijiya

Chakraborti ya yi aiki a jami'o'in Turai da Amurka kafin ya koma Jadavpur, inda ya jagoranci Makarantar Nazarin Muhalli. A 1988, lokacin da shi da ɗalibansa suka fara zagayen Bengal ta Yamma, ƙauyuka 22 kacal aka sani da matsalar. Hanyar aikinsu ba ta da wani ado. Su shiga ƙauye, su ɗebi ruwa daga kowane famfo a ƙaramar kwalba, su rubuta zurfin rijiyar da shekarunta. Likitocin da ke tare da su su duba hannaye da bayan mutane. A yanki farce da gashi, a karɓi fitsari, domin asenik na taruwa a farce da gashi, fitsari kuma yana nuna abin da aka sha kwanan nan. A koma ɗakin gwaje-gwaje a auna da na'ura mai iya gano ɗan mitsitsin adadi.

Haɗa ruwan rijiya da jikin mai shan ta shi ne ƙarfin wannan aiki. Jami'i zai iya musanta lambar da ke kan takarda, amma da wuya ya musanta lamba da hoton tafin hannu da sunan ƙauye a haɗe. Bayan kusan shekara 20, ƙungiyar ta ba da rahoton gwada rijiyoyi sama da 140,000 a Bengal ta Yamma: kusan kashi 48 cikin 100 sun haura 10, kusan kashi 24 sun haura 50. Ƙauyukan da abin ya shafa sun tashi daga 22 zuwa sama da 3,000.

Yadda suka tsallaka iyaka ma abin lura ne. A 1992, a wani ƙauye kusa da iyakar Bangladesh, sun tarar da gida guda da ba mai ciwon fata sai mace ɗaya, wadda aure ya kawo ta daga gundumar Satkhira ta Bangladesh. Ta ce a garinsu 'yan'uwanta da yawa haka fatarsu take. Ƙasa ɗaya ce ta fuskar laka da koguna, iyakar siyasa ce kawai ta raba. A 1993 hukumar ruwa ta Bangladesh ta sami asenik a wasu rijiyoyi a Chapai Nawabganj, amma maganar ba ta yi nisa ba. Chakraborti ya shirya taron ƙasa da ƙasa a Kolkata a 1995, sannan daga 1996 ya haɗa kai da likitocin Asibitin Al'umma na Dhaka, suka kuma yin wani taron a Dhaka a 1998. A shekarar ce Bankin Duniya ya amince da kuɗin wani babban shiri na gwaji da samar da ruwa. A 2000 wata muƙala ta Allan Smith da abokansa a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana lamarin a matsayin gubar da ta fi kowace shafar jama'a a tarihi, tana ƙiyasin mutum miliyan 35 zuwa 77 na cikin haɗari.

Bai tsaya a Bengal ba. A 2002 ƙungiyarsa ta sami irin wannan matsala a ƙauyen Semria Ojha Patti na jihar Bihar ta Indiya, nesa da bakin teku, daga baya kuma a jihohin Uttar Pradesh da Jharkhand da Assam. Da wannan aka daina kallon abin a matsayin ciwon Bengal kawai, ya zama na dukan filayen kogunan Ganges da Brahmaputra.

Daga ina gubar take fitowa?

Nan ne aka fi samun saɓani, kuma nan ne ya fi dacewa a tsaya, domin kowane bayani yana da irin maganin da yake nunawa.

Kowa ya yarda asalin asenik ɗin daga tsaunukan Himalaya ne. Koguna sun yi dubban shekaru suna niƙa duwatsu suna shimfiɗa yashi da laka a filayen ƙasa. Yawan asenik da ke cikin wannan yashi bai wuce na sauran wurare da wani abin a-zo-a-gani ba. Tambayar ita ce me ya sa a nan yake barin yashi ya shiga ruwa.

Bayanin da Chakraborti da abokan aikinsa suka gabatar a tsakiyar shekarun 1990 shi ne: asenik na ɗaure a cikin wani ma'adini mai suna fairait, haɗin ƙarfe da farar wuta. Da noman rani na shinkafa ya bunƙasa, injinan ban-ruwa suka riƙa zuƙe ruwan ƙasa, matakinsa ya sauka, iska ta shiga inda da ruwa ya rufe, iskar oksijin ta ci ma'adinin, asenik ya kuɓuce. Bayani ne mai ma'ana, kuma akwai wurare a duniya da hakan ke faruwa. Idan shi ne gaskiya a Bengal, to laifin na yawan zuƙar ruwa ne, maganin kuma a rage dogaro da ruwan ƙasa.

A 1998 Ross Nickson da John McArthur na jami'ar UCL a Landan, da Peter Ravenscroft da wasu masana na Bangladesh, suka wallafa wani bayani a mujallar Nature wanda ya juya na farkon baibai. A cewarsu ba shigar iska ce matsalar ba, rashinta ne. Ƙwayoyin yashin suna lulluɓe da tsatsar ƙarfe, ita kuma tsatsa tana riƙe asenik gam. An binne yashin tare da ruɓaɓɓun tsirrai. Ƙwayoyin bakteriya da ke cin wannan ruɓa suna buƙatar oksijin. Idan ya ƙare, sai su koma kan tsatsar, su narkar da ita. Tsatsa na narkewa, abin da ta riƙe ya shiga ruwa.

Ruwan da kansa ne ya raba gardama. Da a ce fairait ne ke ruɓewa, da an ga sinadarin salfet, wanda farar wuta ke komawa idan iska ta ci ta, da yawa a rijiyoyi masu guba, da kuma an fi samun asenik a sama-sama inda iska ke kaiwa. Abin da aka samu akasin haka ne: rijiyoyi masu asenik ba su da oksijin, salfet ɗinsu kaɗan ne, narkakken ƙarfe ya yi yawa, kuma gubar ta fi tsanani a 'yan gomman mitoci ƙasa da matakin ruwa. Rijiyoyin gargajiya masu buɗaɗɗen baki, waɗanda iska ke shiga, su ne ma suka fi ƙarancin asenik. Babban binciken da Hukumar Binciken Ƙasa ta Birtaniya ta yi da hukumar ruwa ta Bangladesh, wanda aka fitar a 2001 bayan gwada rijiyoyi kusan 3,500, ya goyi bayan wannan bayani na biyu. A 2004 wasu masana a Jami'ar Manchester suka nuna a ɗakin gwaji, da yashin Bengal ta Yamma, cewa bakteriya na yin wannan aiki.

Wannan fahimta ta zo da abin amfani kai-tsaye: launin yashi. Sabon yashi mai launin toka, wanda aka shimfiɗa cikin shekara dubu goma da suka wuce, shi ne mai haɗari. Tsohon yashi mai launin ja-ja ko ruwan lemo, wanda tsatsarsa ke nan daram, ruwansa yakan zama lafiyayye. Shi ya sa rijiyoyin da suka zarce mita 150 galibi ba su da matsala, kuma shi ya sa maƙwabta biyu kan sami sakamako mabambanta, tunda tsoffin hanyoyin koguna sun bar yashi iri-iri a cakuɗe. Mai haƙa rijiya da bai taɓa shiga jami'a ba zai iya duba abin da bututunsa ke fitarwa ya san ko ya tsaya ko ya ci gaba.

Sai dai zargin da Chakraborti ya yi wa ban-ruwa bai mutu gaba ɗaya ba, ya dawo ta wata ƙofa. A 2002 Charles Harvey na jami'ar MIT ta Amurka da abokansa, bayan aiki a Munshiganj ta Bangladesh, suka ce zuƙar ruwa na iya janyo sabon abincin bakteriya daga sama zuwa cikin yashi, ya ƙara hura wutar narkewar. Wasu masana ba su gamsu ba, suna cewa tsohuwar ruɓar da ke binne ta wadatar. A kusa da Hanoi ta Biyetnam kuma an nuna yadda zuƙar ruwan birni ta janyo gurɓataccen ruwa zuwa cikin yashin da a da lafiyayye ne. Ke nan hanyar da ya zana ba ita ce ba, amma tambayar da ya ɗaga, wato me famfo ke yi wa abin da ke ƙasa, tana nan a kan teburi.

Kayan gwaji, matattara, da rijiya mai zurfi

Daga wajen 2000 zuwa 2005 aka yi gagarumin gwaji a Bangladesh, rijiyoyi kusan miliyan 5, aka shafa wa kusan miliyan 1.4 jan fenti. Ba a kai ruwan ɗakin gwaji ba. An yi amfani da ƙaramin akwatin gwaji na hannu, mai takarda da ke canza launi. A 2002 ƙungiyar Chakraborti ta wallafa cewa kayan gwajin da aka fara amfani da su ba abin dogaro ba ne, musamman a kusa da iyakar 50, kuma an shafa wa rijiyoyi da yawa fentin da bai dace ba. Alexander van Geen na Jami'ar Columbia, wanda ya daɗe yana aiki a yankin Araihazar na Bangladesh, ya kalli abin ta wani ɓangare. Bincikensa na 2005 ya nuna ingantaccen akwatin gwaji yana yin daidai a kusan rijiya 9 cikin 10. Hujjarsa ita ce ba ɗakin gwajin da zai iya ɗaukar rijiya miliyan 10, don haka gwajin da ke kuskure jefi-jefi ya fi rashin gwaji. Duk biyun suna da gaskiya a inda suka tsaya, kuma sukar farko na cikin abin da ya sa aka matsa a inganta kayan.

Kan mafita, Chakraborti ya fi karkata ga komawa ruwan sama da na koguna da gyararrun rijiyoyin gargajiya, yana cewa yankin da ke da ruwa a ko'ina bai kamata ya dogara da na ƙasa ba. Masu suka suka ce wannan musanya haɗari da haɗari ne: buɗaɗɗiyar rijiya da tafki na ɗauke da ƙwayoyin bayan gida, gudawa kuma tana kashe yaro cikin kwanaki. Van Geen da abokansa sun gano cewa a Araihazar, duk da kusan rabin rijiyoyin sun haura iyaka, kusan kashi 90 cikin 100 na mutane suna zaune ne cikin tazarar mita 100 daga rijiya mai kyau. Abu mafi araha shi ne a faɗa wa mutum sakamakon rijiyarsa, ya koma ɗiba a ta maƙwabci. Ƙididdigar da aka yi daga baya ta nuna wannan sauya rijiya, sai kuma rijiyoyi masu zurfi na al'umma, su ne suka fi kowace hanya rage shan gubar.

Inda kusan kowa ya yarda da shi shi ne batun na'urorin tace asenik da aka kakkafa a bakin famfuna. Ƙungiyarsa ta bi ɗaruruwansu a Bengal ta Yamma, ta ba da rahoto a 2006 cewa mafi yawansu ba sa amfani: wasu sun toshe, wasu an yi watsi da su, wasu an kafa su a kan rijiyar da tun asali ba ta da guba. Matattarar gida ta SONO, wadda Abul Hussam ya ƙirƙira har ta ci kyautar dala miliyan ɗaya a 2007, ta nuna ana iya tacewa da kayan gida masu sauƙi. Amma kowace matattara sai da mai kula da ita, abin da kwangilar kafawa ba ta cika tanada ba.

Wa za a kama da laifi?

An gwada kotu. Wani ɗan Bangladesh ya kai ƙarar hukumar da ke kula da Hukumar Binciken Ƙasa ta Birtaniya, saboda wani nazarin ruwa da ta yi a 1992 bai haɗa da gwajin asenik ba. A 2006 kotun ƙoli ta Majalisar Dattawan Birtaniya ta yi watsi da ƙarar, ta ce ba wata alaƙa ta kusa tsakanin masu nazarin da mai ƙarar da za ta ɗora musu alhaki. Masu kare hukumomin suna cewa a lokacin ba a san irin wannan ƙasa da asenik ba. Masu suka suna nuna cewa tun 1983 aka ga majinyata a tsallaken iyaka.

Abin da ya isa gidan talaka

Binciken 2001 ya ƙiyasta mutum miliyan 35 a Bangladesh na shan ruwan da ya haura 50, miliyan 57 kuma wanda ya haura 10. Wani binciken gidaje na 2012 zuwa 2013 ya sami kusan kashi 12 cikin 100 na jama'a, wato wajen miliyan 20, har lokacin suna sama da 50. Raguwa ce ta gaske, musamman da yake yawan jama'a ya ƙaru, amma ba ƙarshen magana ba ce. Fenti yana kankarewa. Ana haƙa sababbin rijiyoyi kullum ba gwaji. A 2016 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa rijiyoyi masu zurfi na gwamnati sukan tafi inda 'yan siyasa ke da magoya baya, ba inda gubar ta fi yawa ba.

Ta fuskar lafiya, wani dogon bincike da ya bibiyi mutum kusan 12,000 a Araihazar ya ba da rahoto a 2010 cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na mace-macen da aka gani a cikinsu ana iya danganta su da ruwan da ya haura 10. Wani ƙiyasi na 2012 ya ce mutum 43,000 ne ke mutuwa duk shekara a ƙasar sanadin haka. Nauyin ya fi faɗawa kan matalauta, domin su ne ba sa iya ƙara zurfin rijiya, kuma rashin abinci mai gina jiki na ƙara tsananta cutar. Rahotannin Chakraborti sun yawaita ambaton mata: an ɗauki tabon fata kuturta ce, aure ya mutu, budurwa ta rasa manemi, alhali cutar ba a ɗaukarta daga mutum. Akwai kuma shinkafa, wadda ake shayarwa da ruwan nan a noman rani, kuma tana zuƙar asenik fiye da sauran hatsi.

Idan aka tattara, tasirin Chakraborti ya fi ƙarfi a wuri guda: ya mayar da jita-jita ƙididdiga, ya kuma ƙi barin ƙididdigar a cikin mujallu. Bayanin dalili wasu ne suka gyara, tsarin gwaji na ƙasa wasu ne suka gina. Amma masu gyaran sun zo ne bayan an riga an san akwai abin bincika, kuma ɗalibansa da dama sun ci gaba da aikin a wasu ƙasashe. A 2020 wasu masana a Suwizalan suka yi amfani da tarin bayanai irin waɗannan suka ƙiyasta mutum miliyan 94 zuwa 220 a duniya na iya kasancewa cikin haɗarin asenik, mafi yawansu a Asiya.

Tibiri da Yatenga

Ƙasar Hausa ba filin Ganges ba ce, kuma ba daidai ba ne a ɗauka abin da ya faru a can yana faruwa a nan. Amma tsarin kuskuren, wato a haƙa, a ga ruwa garau, a ƙaddamar ba cikakken gwaji, ya taɓa faruwa a gida. A Tibiri kusa da Maraɗi, rijiyoyin burtsatse da aka fara amfani da su a tsakiyar shekarun 1980 suna ɗauke da sinadarin fulorayid da ya ninka iyakar miligiram 1.5 a lita sau uku ko fiye. An yi sama da shekara goma ana sha kafin a gane, bayan haƙoran yara da yawa sun rine, ƙasusuwan ɗaruruwa sun lanƙwashe. A yankin Yatenga na arewacin Burkina Faso kuwa asenik ne, a wasu rijiyoyi har ya haura maikirogiram 1,000 a lita, kuma a can daga ma'adinan farar wuta na duwatsu masu zinariya yake fitowa, kusan irin hanyar da Chakraborti ya fara zato a Bengal. Gubar dalma ta Zamfara ta 2010 daban ce, domin ta ƙurar niƙa dutsen zinariya ce a cikin gidaje, amma tana tuna cewa inda ake haƙar ma'adinai akwai abin dubawa a ruwa ma.

Ma'aunin ruwan sha na Najeriya ya sa iyakar asenik a maikirogiram 10 a lita, ta fulorayid a miligiram 1.5 a lita, daidai da na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ga mai haƙa burtsatse a gida, ko masallaci, ko makaranta, abin da wannan ke nufi shi ne takardar gwajin da ta nuna ba ƙwayoyin cuta ba ta ce komai ba kan sinadarai. Sai an nemi a saka asenik da fulorayid da dalma da naitiret a jerin, da sunayensu, kuma sakamakon rijiyar maƙwabci ba ya wakiltar taka.